Alhaki Kwikwiyo Ne: Gadon Zunubi a Aƙidar Mormon da a Ƙasar Damagaram

Bahaushe yana da karin magana biyu waɗanda idan aka jera su wuri guda sai a ga kamar musu suke yi da juna. Na farko yana cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Na biyu kuwa cewa yake barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Na farkon ya ɗaure laifi a wuyan wanda ya aikata shi, shi kaɗai. Na biyun, duk da cewa galibi wajen yabo ake kawo shi, ya buɗe ƙofar auna ɗa da mudun ubansa, ko a alheri ko a sharri. A tsakanin su biyun akwai wata tsohuwar tambaya da malaman addinai da masu falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kanta: shin laifi abin gado ne, kamar gona da bashi? Idan kuma ba a gadonsa, shin wani yana iya ɗauke wa wani nauyinsa?

A gundumomin Magariya da Dungas, can kudancin jihar Damagaram a bakin iyakar Nijeriya, kusan kowa Musulmi ne mabiyin mazhabar Malikiyya, kuma da wuya a sami manomi a Waca ko Bande ko Malawa wanda sunan Mormon ya taɓa shiga kunnensa. Duk da haka tarihin wannan ikilisiya ta Amurka madubi ne mai amfani ga mutanen wannan yanki, domin ta rubuta amsar tambayar farko a sarari tun farkon kafuwarta, sa'an nan ta shafe shekara 126 tana saɓa wa abin da ta rubuta, kuma baƙar fata ne suka biya kuɗin saɓawar.

Abin da Mormon suka yi imani da shi

Sunanta na hukuma yana nufin Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. An kafa ta ranar 6 ga Afrilu, 1830, a jihar Niyok, a hannun wani saurayi ɗan manoma mai suna Joseph Smith, wanda ya ce mala'ika ya nuna masa wasu allunan zinariya, ya fassara su suka zama Littafin Mormon. An kashe shi a kurkuku a 1844, Brigham Young ya jagoranci mafi yawan mabiya zuwa kwarin Salt Lake a 1847. A yau mabiyanta sun haura miliyan 17 a duniya, fiye da 200,000 daga cikinsu a Nijeriya, mafi yawansu a kudancin ƙasar.

Domin a gane sabon abin da Smith ya zo da shi, sai an koma ga wani ɗan Afirka, wato Agustin, limamin Kirista na garin Hippo, wanda shi ne Annaba ta Aljeriya a yau. Agustin, wanda ya rasu a 430, ya koyar da cewa laifin Adamu yana bin jini zuwa kowane jariri, kuma baftisma ce ke wanke shi. Jaririn da ya mutu ba a yi masa ba yana cikin hasara, ko da yake azabarsa ita ce mafi sauƙi. Wannan ra'ayi ya mamaye Kiristancin Yammacin Turai fiye da shekara dubu. A 1842 Smith ya taƙaita aƙidar mabiyansa cikin sharuɗɗa 13, na biyu daga ciki kuwa ya rushe ginin Agustin: za a hukunta mutane a kan zunubansu na kansu, laifin Adamu ba ya hawa kansu. Abin da 'ya'yan Adamu suka gada shi ne mutuwa da wahalar duniya. Hasali ma Mormon suna kallon fitar Adamu da Hauwa'u daga gonar a matsayin matakin da ya zama dole, domin in ba da ita ba da babu haihuwa, babu kuma zaɓi tsakanin nagarta da mugunta. Saboda haka ba sa yi wa jarirai baftisma. Sai yaro ya kai shekara 8 ake lissafa shi cikin masu alhaki, wanda ya mutu kafin nan kuwa suna ganin ya tsira kai tsaye.

Game da fansa, suna cewa Almasihu ya fara ɗaukar zunubin duniya a lambun Getsamani, ya ƙarasa a kan gicciye, kuma 'ya'yan wannan aiki iri biyu ne. Tashi daga matattu kyauta ce ga kowa, mumini da kafiri, babu sharaɗi. Gafarar zunubi kuwa tana da sharaɗin imani da tuba da baftisma da dagewa har mutuwa. Wani babban malaminsu, Boyd K. Packer, ya buga misali a wani jawabi na 1977 da mutumin da bashi ya kai wa iya wuya: mai kuɗi yana neman adalci, wanda ake bi yana neman jinƙai, ba kuma yadda za a biya wa ɗaya bukata ba tare da an tauye ɗayan ba, sai wani aboki ya shiga tsakani ya biya, ya zama shi ne sabon mai bin bashin, da sharuɗɗan da wanda ake bi zai iya cikawa. Duk wanda ya taɓa tsaya wa ɗan'uwansa lamuni a kasuwar Maigatari ya san wannan lissafi. A lahira kuma ba su raba mutane gida biyu kawai ba. Tun 1832 suke koyar da darajoji uku na ɗaukaka, waɗanda suke kwatantawa da hasken rana da na wata da na taurari, kuma ƙalilan ne a ganinsu za su dawwama cikin duhu. Tuba a wurinsu ta ƙunshi nadama, da furta laifi, da barinsa, da mayar wa wanda aka cuta abin da aka ɗauke masa.

Inda aka haɗu da inda aka rabu

Malamin zaure na Magariya da zai ji wannan bayani, zai gyaɗa kai a wurare da yawa. Alƙur'ani ya kafa ƙa'idar cewa babu rai mai ɗaukar kayan laifin wani rai, ya maimaita ta a surori biyar: An'am, Isra'i, Faɗir, Zumar da Najmi. Suratul Baƙara ta nuna Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, saboda haka babu wani saura da zai gangaro wa zuriya. Hadisi ya tabbatar da cewa ana haihuwar kowane jariri a kan fiɗira, kuma an ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga. Ɗalibin da ya fara Ahalari yana cin karo da sharuɗɗan tuba a shafukan farko, idan ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid kuma ya tarar da cewa mayar da kayan zalunci ga masu su yana cikin tubar.

Wannan magana a yankin Magariya ta wuce muhawarar malamai. A nan ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aikin ceton yara masu tamowa a 2005, kuma a daminar 2018, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da yunwa, ƙungiyar ta bayyana cewa kimanin yara goma ke mutuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin. Uwar da ta koma ƙauye da zanen goyo babu kowa a ciki, abin da aƙida ke faɗa game da makomar jaririnta shi ne abin da za ta kwana da shi. Musulunci da aƙidar Mormon amsa ɗaya suka ba ta: yaron bai tafi da laifin kowa ba. Ita ma Cocin Katolika, a wata takarda ta malamanta a 2007, ta ce akwai dalilin sa zuciya ga tsirar jariran da suka mutu babu baftisma.

Rabuwar tana kan tambaya ta biyu. Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, bai kuma yarda Allah yana da ɗa ba, kuma a wurinsa gafara ba ta jiran wani ya biya: Mai bin bashin da kansa yake yafewa, yafewarsa kuma ba ta rage adalcinsa da komai. A ƙissar Annabi Yusuf, da 'yan'uwansa suka roƙi a riƙe ɗayansu a madadin ƙanensu, ya ƙi, ya ce kama wanda ba a sami kayan a wurinsa ba zalunci ne. Wannan saɓani na tushe ne, kuma shafe shi da man shanu ba zai amfani kowane ɓangare ba. Abin lura shi ne, a kan tambayar farko bakinsu ɗaya, kuma a kan tambayar farkon ne kowane ɓangare ya yi tuntuɓe a aikace.

Shekara 126

A zamanin Smith an naɗa wani baƙar fata mai suna Elijah Abel a matsayin dattijon ikilisiya a 1836. Amma a 1852 Brigham Young ya yi shelar cewa baƙar fata 'yan asalin Afirka ba za su riƙe matsayin firist ba, kuma aka hana mazansu da matansu manyan ibadun haikali. A wannan ikilisiya kusan kowane namiji mai kiyaye dokokinta firist ne, da shi yake yi wa 'ya'yansa baftisma da sa musu albarka, ibadun haikali kuwa su ne, a imaninsu, ke ɗaure iyali har abada da kai mutum ga daraja mafi girma. Hujjar da aka bayar ita ce la'anar Kayinu, wanda Musulmi ke kira Ƙabila, da ta Ham ɗan Nuhu. Wata mata baƙar fata mai suna Jane Manning James, wadda ta zauna a gidan Smith kansa, ta yi ta rubuta wa shugabanni takardun roƙo a bar ta ta yi waɗannan ibadu, har ta rasu a 1908 ba a amsa mata ba.

Masu tunani cikin mabiya sun ga saɓanin: idan laifin Adamu ba ya hawa kan ɗansa, ta yaya na Kayinu zai hau kan jikokinsa? Maimakon a janye hanin, sai aka ƙirƙiro sabon bayani. Da yake Mormon sun yi imani rayuka sun rayu a gaban Allah kafin a haife su, sai wasu shugabanni suka ce baƙar fata sun yi sanyin jiki a waccan rayuwar, saboda haka laifin nasu ne na kansu. Wannan shi ne babban darasin labarin. Idan aƙida ta haramta ɗora wa mutum laifin kakansa, al'umma kuma ba ta son barin wariyar da ta saba, abin da take yi shi ne ta ƙaga wa wanda ake wa wariyar wani laifi da ba zai taɓa iya kare kansa daga gare shi ba, tun da babu mai tuna abin da ya faru kafin haihuwarsa.

Wannan tatsuniya ta Ham ba baƙuwa ba ce a ƙasashen Musulmi, kuma malamai sun yaƙe ta. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ƙaryata cewa baƙin fata daga la'ana ya samo asali. Ahmad Baba na Tambutu, a amsar da ya rubuta a 1615 ga masu tambaya daga Tuwat, ya ƙi yarda a mai da launi ko zuriyar Ham hujjar bautarwa, ya kuma lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda mallakar mutanensu haramun ne.

Abin mamaki, 'yan Afirka ta Yamma ne suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe musu. Tun kafin 1960 wasu 'yan kudancin Nijeriya suke rubuta wasiƙu zuwa Salt Lake suna neman a aiko musu da malamai. An shirya aikowa, gwamnatin Nijeriya ta sami labarin wariyar ta hana biza, aka jingine shirin a 1965. Wani malamin makaranta na ƙasar Ibo, Anthony Obinna, ya tara jama'a suna ibada da sunan ikilisiyar da ba ta karɓe su ba, yana ta aika wasiƙu tun 1971. A watan Yuni na 1978 shugaban ikilisiya Spencer W. Kimball ya sanar da cewa an yi masa wahayin ɗage hanin, ranar 21 ga Nuwamba na shekarar kuma aka yi wa Obinna baftisma a wani rafi na jihar Imo. An buɗe haikalin Aba a 2005. Sai a 2013 ikilisiyar ta fitar da bayani a rubuce tana nisanta kanta daga cewa baƙin fata alamar la'ana ce ko sakamakon wani aiki na kafin haihuwa. Bayanin ya yi Allah wadai da wariyar launin fata, amma bai zo da lafazin neman gafara ba, kuma akwai baƙar fata cikin mabiya da ke tambaya ko tubar da ake koya wa mutum ɗaya ba ta hau kan hukuma ba.

Laifi tudu ne

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mai karatu na Damagaram da ya ji haushin Brigham Young, ya kamata ya duba tudun da yake tsaye a kai.

A birnin Damagaram akwai unguwar Kara-Kara, wadda asalinta matsugunin kutare ne da sauran waɗanda gari ya ture gefe. 'Ya'yansu da jikokinsu, waɗanda yatsunsu goma cif, sun tashi da tambarin unguwar a goshi, da yawa babu makaranta babu aikin yi, har wasu suka faɗa ƙungiyoyin matasa da ake kira fale. Fim ɗin da Aïcha Macky, 'yar garin, ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna wa duniya rayuwarsu. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likita Hansen ya gano a 1873. Ba a gadonta ta jini, mafi yawan mutane jikinsu ba ya kamuwa da ita, kuma maganinta kyauta ne tun 1995. Amma camfin da ke cewa wanda ya yi rantsuwar ƙarya da Alƙur'ani shi ke kuturcewa ya yi irin aikin da bayanin rayuwar kafin haihuwa ya yi a Amurka: ya ƙaga wa majinyaci laifi domin ƙyamar da ake masa ta sami riga.

Haka abin yake ga yaron da aka haifa ba da aure ba. Fiƙihu ya jingina nasabarsa da gadonsa ga mahaifiyarsa, wannan kuwa hukuncin nasaba ne, bai ce yaron ya yi zunubi ba. A ƙissar matar Gamidiyya, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya jinkirta hukuncinta har ta haihu ta yaye, ya kuma danƙa yaron a hannun wani Musulmi ya rene shi. Amma kalmar shege ta zama zagin da ya fi kowane yawo a bakin Bahaushe, kuma yaron ne ke ɗauke da ita daga makarantar allo har ranar neman aure, alhali namijin da ya yi cikin sau da yawa yana sahun gaba a masallaci. Tsoron wannan tambari yana cikin abin da ke sa a tsinci jariri a kwata.

Sai kuma binciken asali. Damagaram ta ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu, ta ci ribar kamun bayi da cinikinsu, kuma ƙasashen Sosebaki irin su Waca da Dungas suna cikin waɗanda ta mamaye. Nijar ta mai da bautarwa babban laifi a dokar 2003, a watan Oktoba na 2008 kuma kotun ƙungiyar CEDEAO ta sami gwamnatin ƙasar da laifin kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta ba da umarnin a biya ta sefa miliyan 10. A ƙauyukan Hausa na kudu bauta a matsayin mallaka ta shuɗe, amma inuwarta takan leƙo ranar da aka aika a binciko asalin mai neman aure. A nan abin ya fi na Kayinu muni, domin kakan da ake gori da shi ba laifi ya yi ba, shi aka yi wa laifi, jikan wanda ya kama shi kuwa shi ke zaune yana tantance wanda ya isa.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu, 2015, bayan wata jarida ta birnin Paris ta sake buga zanen ɓatanci ga Annabi, zanga-zanga a Damagaram ta rikiɗe, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, washegari wutar ta kama a Yamai, mutane kimanin goma suka mutu a garuruwan biyu. Fushin da zanen ya jawo abu ne da kowane Musulmi ya fahimta. Amma Kiristocin da aka ƙona wa wuraren ibada ba su zana kome ba, da yawansu 'yan ƙasa ne masu magana da Hausa, jaridar kuwa ta daɗe tana yi wa addininsu irin wannan izgili. An kama wanda ba a sami kayan a wurinsa ba, abin da Annabi Yusuf ya kira zalunci.

Wata hujja mai nauyi

Mai ja da wannan magana yana da abin faɗa. Zai ce mutum ba shi kaɗai yake rayuwa ba: ɗan mashayi yana gadon talauci, ɗan malami yana gadon littattafai, kuma shari'a da kanta ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin wanda ya yi kisan. Idan ɗa yana alfahari da sarautar kakansa, da wace hujja zai ce ba ruwansa da ta'asar kakan?

Amsar tana cikin rarrabe abubuwa biyu da harshe kan cakuɗa, wato laifi da nauyi. Laifi yana tattare da niyya da aiki, saboda haka ba ya barin mai shi. Nauyi kuwa, wato ɓarnar da laifin ya bari a ƙasa, ana iya raba shi, ana iya gadonsa, ana iya ɗauke wa wani. Ayar kisan kuskure a Suratun Nisa'i ta ambaci abubuwa biyu, diyya da kaffara, malamai kuma suka bayyana cewa dangi suna haɗa diyya domin kada iyalin mamaci su tashi a tutar babu, amma kaffarar, 'yanta bawa ko azumin wata biyu a jere, tana kan wanda ya yi kisan shi kaɗai. Babu wanda ke kiran dangin da suka biya masu kisan kai. Haka nan a wurin jana'iza, idan wani ya miƙe ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya same shi, yana bin sawun Abu Ƙatada ne, wanda ya ɗauki bashin wani mamaci kafin Manzon Allah ya yarda ya sallace shi.

Daga nan ake samun ma'aunin da ke raba jinƙai da zalunci. Nauyin da mai ƙarfi ya ɗauka da yardarsa domin ya sauƙaƙa wa mai rauni, jinƙai ne, kuma duk abin da Musulmi zai ce game da aƙidar fansa, wannan siffa ce Kirista yake gani a cikinta. Nauyin da aka ɗora wa mai rauni ba da yardarsa ba domin mai ƙarfi ya huta, zalunci ne ko da an naɗe shi da aya. Ma'aunin kuma yana juyowa kan mai gado. Wanda ya gaji gonar da ubansa ya ƙwace bai gaji zunubin ƙwacen ba, amma daga ranar da ya sani ya ci gaba da nomanta, ya buɗe nasa littafin. A yankin da ƙasar noma ta yi wa jama'a kaɗan kamar Magariya, inda rikicin iyakar gona da burtali ke cika zauren hakimai, wannan hukunci ne na yau da gobe.

Akwai sharaɗi na ƙarshe, wato yardar wanda ake ɗauke wa nauyin. Tun 1840 Mormon suke yin baftisma a madadin matattu, abin da ya sa suka tara taskar sunayen kakanni mafi girma a duniya. Suna cewa mamacin yana da zaɓin karɓa ko ƙi. Duk da haka, da Yahudawa suka gano an yi wa danginsu da 'yan Nazi suka hallaka, sun ɗauke shi cin fuska ga mutanen da aka kashe saboda addininsu, har aka ƙulla yarjejeniyar dainawa a 1995. A ƙasar Hausa ma ana muhawara a kan abin da ke isa ga mamaci: kowa ya yarda da addu'a da sadaka da biyan bashi, Malikiyya ba ta yarda wani ya yi salla a madadin wani ba, ƙungiyar Izala kuma, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana sukar tarukan sadakar uku da bakwai da arba'in. Ƙauna ce ke sa mai rai ya so yi wa mamacinsa wani abu, amma ƙaunar ba ta ba shi ikon sake rubuta wa mamacin abin da ya zaɓa da ransa.

Kammalawa

Tarihin Mormon ya nuna cewa kyakkyawar aƙida a rubuce ba ta hana mabiyanta zalunci, idan al'ada da son rai suka ja wani gefe. Ya kuma nuna cewa rubutun bai tashi a banza ba, domin da shi ne waɗanda aka ware suka yi ta kafa hujja har ƙofar ta buɗe. Musulmin Magariya da Dungas suna riƙe da ƙa'idar da ta fi wannan tsufa, yaransu suna rubuta ta a allo suna wankewa. Inda za a san ko ta shiga zuciya shi ne ranar da jikan kuturu ya aiko neman aure, da ranar da za a zaɓi limamin unguwa aka tuna cewa kakan wanda ya fi kowa karatu bawa ne, da ranar sunan jaririn da babu ubansa a wurin. A irin waɗannan ranaku dattawan zaure ne ke yanke hukunci, kuma alhakin abin da suka yanke su zai bi.